Wane Kwatabak Ya Kamata Ya Fara Wasa?

Ka tambaya ko kocin ƙwallon Amurka a jami'a ya fara wasa da gogaggen kwatabak (ɗan wasan da ke jagorantar kai hari yana jefa wa 'yan ƙungiyarsa ƙwallo) ko da sabon ɗalibi mai ƙarfin jifa. A ganina, a fara da wanda ya fi fahimtar tsarin tsaron abokan karawa kuma ba ya yawan zubar da ƙwallo, ko da jifansa bai kai na ɗayan nisa ba.

Daga abin da na daɗe ina kallo, sharaɗin shi ne a riƙa horar da na biyun tare da manyan 'yan wasa. Misali, a wasan ƙarshe na gasar jami'o'in Amurka a Janairun 2018, jami'ar Jojiya tana cin jami'ar Alabama 13 da nema lokacin da kocin Alabama, Nick Saban, ya maye gurbin gogaggen kwatabak Jalen Hurts da sabon ɗalibi Tua Tagovailoa bayan hutun rabin lokaci, suka kuma doke Jojiya 26 da 23.