Ga mai tambaya kan 'ya'yan tsuntsun da suka mutu a akwati

Wallahi 'yar'uwa ina karanta tambayarki gabana ya faɗi, don abin da ya same ki shi ya same ni bara waccan a nan Sheffield ta Ingila. Kin ce blue tit, ƙananan tsuntsayen nan masu shuɗin gashi, sun yi sheƙa a akwatin da yaranki suka kafa a lambu, kin leƙa sau ɗaya, bayan kwana uku kika tarar da 'ya'yan duk a mace, kina tambaya ko ke kika kori uwar. Ki kwantar da hankalinki, uwar da ta riga ta ƙyanƙyashe ba ta cika gudu don leƙe ɗaya ba. Na fi zargin sanyi da ruwan Mayu, don suna rage tsutsar ganyen bishiyar oak, alhali kowane ɗa na bukatar kusan guda 100 a rana.

Ni kuwa kyanwar maƙwabcina ce ta yi min aika-aika. Sati biyu ina kallonsu ta tagar kicin, uwa da uba suna safa da marwa da tsutsa a baki, ɗan abin da bai wuce giram 11 ba. Wata Asabar da sassafe na fita shanya, sai ga shuɗin gashi warwatse a ciyawa, kyanwar na kan shinge tana lasar baki. Uban ya yi ta fama shi kaɗai, kukan cikin akwatin kullum raguwa yake, ranar Talata ya yi tsit. Autata ta ƙi cin abincin dare. Na je har ƙofar mutumin da ladabina, na ce ko ƙararrawa ya ɗaura mata a wuya. Ya ce ai halinta ne, ya turo ƙofa ina tsaye. Har yau in mun haɗu wajen fitar da shara ɗaga hannu kawai nake yi, Allah ya yafe min.

Ki ɗauke akwatin daga kusa da shinge, ki ɗaga shi mita 2 zuwa 4, ya kalli arewa ko gabas don kar rana ta gasa su. Amma sai kin tabbatar babu mai rai a ciki, dokar kare namun daji ta Birtaniya ta 1981 ta hana taɓa sheƙar da ake amfani da ita. Galibi sau ɗaya tsuntsayen suke kwanci a shekara, kar yara su zauna jiran na biyu. Kuma don Allah kar ki zuba musu gyada haka kawai a faranti lokacin renon nan, tana shaƙe ƙananan, ki sa ta a ragar waya. Faɗin ƙofar akwatin ya zama milimita 25, ki kewaye ta da farantin ƙarfe saboda kurege da maƙwaƙƙwafi. Ni a Oktoba nake kwashe tsohuwar sheƙa in wanke da tafasasshen ruwa, ban da maganin ƙwari. Bana takwas suka fita daga nawa, na ƙirga su da hijabin sallah a jikina.