Bulo talatin a buhu ɗaya

Ɗana, jingine cebur ɗin ka zo ka zauna. Tambayar da ka yi mini jiya muna wanke kwanon sarki ta kwana da ni. Cewa ka yi, "Baba, ga mutumin can yana buga bulo hamsin da buhun siminti ɗaya, ya sayi mota ta biyu, yana gini a unguwar Rayfield a nan Jos, ranar Lahadi ma kujerar gaba ake ba shi a coci. Mu da muka tsaya a talatin, har yau Keke Napep muke tsayarwa. To ina ribar tsoron Allah?"

Ba zan tsawata maka ba, don ba kai ka fara wannan tambaya ba. Buɗe Zabura 73 in ka koma gida. Asaf ne ya rubuta ta, kuma ba ɗan tasha ba ne, shugaban mawaƙa ne a zamanin Sarki Dawuda. Shi da bakinsa ya ce saura ƙiris ƙafarsa ta zame, saboda ya ga masu girman kai suna ƙiba, ba ciwo ba wahala, dukiyarsu sai ƙaruwa take yi. Har ya kai ga cewa a banza ya tsabtace zuciyarsa. Irmiya ma ya kai irin wannan ƙara a sura 12, amsar da ya samu kuwa ba ta lallashi ba ce: in tsere da mutane ya gajiyar da kai, yaya za ka yi da dawakai?

Ni ma ba lallashinka zan yi ba. Ba zan ce maka gobe asirin mutumin can zai tonu ba. Na san irinsu da suka tsufa cikin daula, aka binne su da ƙungiyar mawaƙa uku. Asaf kansa bai ga faɗuwar kowa a kan titi ba. Sai da ya shiga Haikali ya gane cewa a kan santsi suke tsaye, kuma lissafin ba a nan yake ƙarewa ba.

Amma bari mu zo kan abin da hannunka ya sani. Ɗauko bulon nan mai inci tara, ka karce shi da makulli. Ka ga ko gezau? Na hamsin, da farce ma za ka ga yashi yana zuba kamar garin tuwo. Buhu kilo 50 ne, ba ya haihuwa. Duk bulon da ka ƙara a kansa, ƙarfin sauran ka sata. Sannan siminti ba bushewa yake yi ya yi ƙarfi ba, ruwa yake sha. Shi ya sa nake damunka da ban ruwa safe da yamma har kwana bakwai, balle da hunturun Jos da yake tsotse danshi kafin rana ta take. Kankare kuwa sai ya kwana 28 kafin a ce ya kai ƙarfinsa. Mai gaggawar kuɗi ba ya jira, yau a buga, jibi a loda a mota.

Akwai abin da ban taɓa gaya maka ba. Ina saurayi, ganin abokaina sun sayi babur ya ci mini rai. Aka ba ni wani aiki a Tudun Wada, zane ya ce rodi mai kaurin milimita 16, na sa mai 12, na soke canjin a aljihu. Na sayi babur ɗin. Gidan yana nan tsaye, a lokacin ba wanda ya sani. Amma shekara da shekaru, duk daren da aka yi ruwa mai ƙarfi a watan Agusta, idona biyu, ina tunanin yaran da suke kwance a ƙarƙashin bim ɗin da na zuba, wato kankaren da ke ɗauke da nauyin sama. Babur ɗin tuni ya zama gwangwan. Sai da na je na faɗa wa mai gidan, muka ƙara ginshiƙi da kuɗina, kafin na iya karɓar Jibin Ubangiji ba tare da ya tsaya mini a wuya ba.

Ka tuna Yulin 2024, da benen makaranta ya rufta a unguwar Busa Buji a nan Jos, mutum 22 suka rasu, yawancinsu ɗalibai? Ban kawo shi don in nuna wa kowa yatsa ba. Ina so ne ka san nauyin da ke kan abin da muke ɗorawa. Tun a Maimaitawar Shari'a 22:8 aka umarci mai sabon gida ya yi wa rufinsa katanga, don kada wani ya faɗo, alhakin jini ya hau gidan. Wato har zanen gini Allah yana dubawa.

Kuɗin namu kaɗan ne, na sani, kuma in ka sake jin zafin nan a ƙirji, ka faɗa wa Allah ɓaro-ɓaro yadda Asaf ya yi, kada ka haɗiye shi. Yanzu tashi ka jawo tiyo, bulon shekaranjiya sun fara yin fari. Ka fara da layin da ke bakin katanga, nan iska ta fi bugawa.