Baba na yawan tashi fitsari da dare, sanyi ne ko mi?

Tambaya: Salam likita, daga unguwar Zariya nike nan Maradi. Mahaifina shekarunshi 67, sau huɗu sau biyar yake tashi fitsari cikin dare, in ya tsuguna sai ya jima kafin ya zo, bayan ya yi tsarki kuma ɗigo ya ɓata mishi wando ya karya alwala. An ce sanyi ne, ya sha jiƙe-jiƙe ba sauƙi.

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya ba baba lafiya. Abin da ka faɗa ya fi kama da girman furostat. Wani ɗan nama ne kamar ƙaramin goro a ƙasan mafitsara, hanyar fitsari ta tsakiyarshi ta bi, to in namiji ya manyanta sai sinadarin maza na jiki ya riƙa ƙara mishi girma har ya matse hanyar. Kusan rabin maza masu shekara 60 suna da shi, ba sanyi ke kawo shi ba, ba yawan mata ba, kuma ba ciwon daji (kansa) ba ne, baya ma rikiɗewa ya koma kansa, sai dai mutum ɗaya na iya samun su duka biyun shi ya sa muke awo.

Ni tashin daren bai dame ni ba kamar fitsarin da ke saura a mafitsara, mutum ya gama amma yana jin bai gama ba. Wannan ragowar ita ke tara ƙwayoyin cuta, ta yi tsakuwa, wani lokaci a ga jini, in an daɗe ta koma sama ta lalata ƙoda ba tare da wani ciwo ba.

Ku kai shi asibiti a auna fitsari da suga, don ciwon suga ma yana sa tashin dare, a yi ekografi (hoton ciki) da awon jini na PSA mai taimakawa wajen binciken kansar furostat, likita kuma zai taɓa da yatsa ta dubura, nan tsofaffinmu ke tirjewa, ka lallashe shi tun daga gida. Akwai magani tamsulosin mai sassauta hanya cikin kwanaki amma yana iya sa jiri, wani maganin finasteride kuma sai kamar wata 6 ake ganin aikinshi, in sun kasa a yi mishi tiyata.

Ya rage shayi da ruwa bayan isha, maganin mura na ƴan tebur da tramol kuwa ya bar su kwata-kwata, suna iya ɗaure fitsari. Ranar da fitsari ya tsaya cak mara ta kumbura, ko zazzaɓi ya haɗa da zafin fitsari, kar ku jira safiya, a tafi da shi a sa mishi roba a zuƙe.