Manoman Wales na cewa in gona ta tafi harshe ya tafi: gaskiya ne ko wayon neman tallafi?

Tambaya:

Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne a garin Aberystwyth da ke yankin Wales na Birtaniya, ina digiri na biyu a fannin aikin gona. Gidan da nake haya na wasu makiyayan tumaki ne, Welshanci suke yi a gida, har karnukansu da shi suke ba su umarni. Tun da gwamnatin Wales ta fito da sabon shirin tallafin noma maigidan ya rasa sukuni. Yana cewa ranar da 'ya'yansa suka bar gonar nan, harshensu ma ya kama hanyar kushewa. Abokan karatuna kuwa cewa suke wayon manoma ne kawai, sun fake da harshe don a ci gaba da ba su kuɗi, ai harshen yana da doka da makarantu da gidan talabijin. Abin yana damuna, don mutanen nan sun riƙe ni kamar ɗansu. Wa ke da gaskiya?

Amsa:

Wa alaikumus salam ƙanena. Maigidanka ya fi abokanka kusa da gaskiya, ko da yake shi ma akwai inda zan ja shi.

Tunda noma kake karantawa, ba sai na yi maka dogon bayani kan shirin ba. Bayan Birtaniya ta fice daga Tarayyar Turai, gwamnatin Wales ta shirya maye gurbin tsohon tallafin da ake biya bisa faɗin gona da Shirin Noma Mai Ɗorewa. Sharaɗin da ya tayar da ƙura shi ne kowace gona ta samu bishiyoyi a kashi 10 cikin ɗari na filinta, wani kashi 10 kuma a kula da shi a matsayin mazaunin tsirrai da namun daji. Wani hasashe da gwamnatin da kanta ta sa aka yi ya nuna za a iya rasa ayyuka kusan 5,500 a gonaki. Ranar 28 ga Fabrairun 2024 dubban manoma suka yi dafifi a gaban Senedd, majalisar dokokin Wales, a Cardiff babban birnin yankin, bayan mako guda kuma ƙungiyar manoma ta NFU Cymru ta jera takalman roba na gona ƙafa 5,500 a matakalar majalisar. Gwamnati ta ce hasashen ya dogara ne da tsohon daftari, amma ta ja da baya: ministan harkokin karkara na lokacin, Huw Irranca-Davies, ya ɗage fara shirin zuwa 2026, a Nuwamban 2024 kuma aka janye tilasta wa kowace gona kashi 10 na bishiyoyi. Ƙara da tarin fuka na shanu da ke sa a yanka dubban shanu duk shekara, da dokar 2021 mai ƙayyade lokacin zuba ruwan kashin shanu a gona, da harajin gado kan manyan gonaki da gwamnatin Landan ta sanar a Oktoban 2024, da naman tumakin Ostareliya da New Zealand da aka buɗe wa ƙofa. Ba sara ɗaya ya kawo fushin nan ba.

Yanzu ga maganar abokanka, wadda ita ce kuskuren da na gaji da jinsa, har daga bakin masu digiri a fannin harshe: wai harshen da ya samu doka da makaranta da talabijin ya tsira. Wannan tunanin ya binne harsuna da yawa, kuma masu shi ba mugaye ba ne, mutanen ofis ne da ke auna rayuwar harshe da abin da ake iya rubutawa a rahoto.

Duba abin da Welshanci ya samu. Gidan talabijin na Welshanci, S4C, tun 1982. Dokar harshe ta 1993. Matsayin harshen hukuma a 2011. Allon hanya da harsuna biyu daga iyakar Ingila har bakin teku. A 2017 gwamnati ta ɗau alwashin samar da masu magana da shi miliyan 1 kafin 2050. Harsuna ƙalilan ne a duniya, cikin masu ƙarancin jama'a, suka samu irin wannan gata. To me ƙidaya ta nuna? A 2001 kusan kashi 21 cikin ɗari ke iya magana da shi. A 2011 kashi 19, mutum 562,000. A 2021 kashi 17.8, kimanin mutum 538,000. Gatan na ƙaruwa, masu magana na raguwa.

Jimillar ma ba ita ce abin tsoron ba. Abin tsoron shi ne inda raguwar take. A Cardiff, inda ofisoshi da jami'o'i suke, masu Welshanci ƙaruwa suka yi. A gundumar Carmarthenshire, ƙasar madara da kiwo, inda a 2001 rabin mutane ke magana da shi, zuwa 2021 ya faɗo ƙasa da kashi 40. Ceredigion inda kake zaune ta sauko zuwa kusan kashi 45. Gwynedd da tsibirin Anglesey ne kaɗai suka rage sama da rabi. Mai lissafin ofis zai ce ai ba komai, an rasa ɗaya a ƙauye an samu ɗaya a birni, ya cike. Bai cike ba. Yaron da ya koyi Welshanci a aji a Cardiff, ya fito ƙofar makaranta ya koma Turanci da abokansa, ya sayi burodi da Turanci, ya yi soyayya da Turanci, a ƙidaya mutum ɗaya ne, daidai da tsohon da ke cinikin rago da Welshanci a karar Dolgellau. Amma na farkon iyawa ya yi, na biyun da shi yake rayuwa. Harshe yana buƙatar wurin da in baƙo ya shigo shago shi ne zai ji ya zama bare, inda yara ke faɗa da shi a filin wasa ba malami a kansu. Irin wannan wurin sai inda masu harshen suka yi rinjaye sosai, kuma suka daɗe ba su watse ba.

Wa ke zama wuri ɗaya kaka da kakanni a karkarar Wales? Manomi. Malamin makaranta ana yi masa canjin wurin aiki, ma'aikaciyar jinya ta bi aiki zuwa Swansea ko Liverpool, wanda ya gama jami'a ya tafi Cardiff bai dawo ba. Gona ba ta ƙaura. Shi ya sa ƙidayar 2011 ta nuna kashi 43 cikin ɗari na masu aiki a fannin noma suna jin Welshanci, fiye da ninki biyu na sauran jama'a, kuma babu sana'ar da ta kai su. A tsaunukan Gwynedd da Ceredigion abin ya fi haka nesa ba kusa ba. Kuma manomi ba shi kaɗai yake tsaye ba. Likitan dabbobi, mai sayar da abincin dabbobi, mai gyaran tarakta, dillalin kara, masu askin tumaki da ke zagaya gonaki da bazara, duk a jikinsa suke ci, kuma da harshensa suke yi masa magana don shi ne mai ciniki. Kulob ɗin matasan manoma, inda ake gasar waƙa da wasan kwaikwayo da muhawara da Welshanci, a ƙauyuka da yawa shi ne kaɗai wurin da saurayi da budurwa masu harshe ɗaya ke haɗuwa. Kada ka raina wannan. Inda uwa da uba duka ke jin Welshanci, kimanin yara 8 cikin 10 ke tashi da shi. Inda ɗaya ne kaɗai, bai kai rabi ba.

Mu da muka fito daga Arewa bai kamata wannan ya ba mu mamaki ba. Fulanin da suka shiga birnin Kano da Katsina da Sakkwato, da sarauta da ilimi da komai a hannunsu, Hausa ta cinye Fulatancinsu. Waɗanda suka riƙe shi su ne na ruga, masu bin saniya.

Mutanen Wales kuma ba hasashe suke yi ba, sun gani da idonsu. A 1940 ma'aikatar yaƙi ta Birtaniya ta karɓe tsaunin Epynt don atisayen soja. Gidaje 54, mutum 219, masu Welshanci, aka tashe su cikin 'yan watanni. Makaranta da majami'a suka rufe, mutane suka bazu, harshen ya ja baya daga yankin gaba ɗaya, har yau filin harbi ne. A 1965 aka nutsar da ƙauyen Capel Celyn a kwarin Tryweryn don birnin Liverpool ya sha ruwa, alhali babu ko ɗaya cikin wakilan Wales a majalisar dokokin Birtaniya da ya goyi bayan dokar da ta ba da izinin haka. Saboda haka da kamfanonin zuba jari daga wajen Wales suka fara sayen gonaki sukutum a Carmarthenshire suna dasa bishiyoyi don cinikin rage hayaƙin da ke ɗumama duniya, manomi bai ga kare muhalli ba, Epynt ya gani. Gonar da aka mayar daji ba ta tura yaro makarantar ƙauye. In yara suka ragu, ƙaramar hukuma ta rufe makarantar da sunan tsimi, iyalin da ke tunanin dawowa gida su fasa, gidan gonar kuma wani mai kuɗi daga Ingila ya saye shi wurin hutun bazara.

Abin da ke ba ni haushi da mutanen ofis shi ne, duk wannan sun sani. Dokar noma ta Wales ta 2023 da kanta ta lissafa riƙe Welshanci da ƙarfafa amfani da shi cikin manufofinta. Hukumar da gwamnati ta kafa kan al'ummomin masu Welshanci, ƙarƙashin Dakta Simon Brooks, ta ba da rahoto a 2024 tana neman a ware yankunan da harshen ke da rinjaye a riƙa yi musu tsari na musamman. Amma sashen harshe yana can yana ƙirga yara a aji, sashen noma yana nan yana ƙirga bishiyoyi a hekta, kowa da takardarsa. Sai ka ji ana cewa ai shirin na ganin dama ne, ba a tilasta wa kowa ba. Kusan kashi 80 cikin ɗari na ƙasar noman Wales tudu ne da tsauni marasa albarka, inda a gonakin tumaki da yawa tallafin nan shi ne ribar shekara. Wanda ka riƙe wa maƙogwaro ba ka ce masa yana da zaɓi.

Ga inda zan ja maigidanka. Tsohon tallafin da yake kewa bai ceci harshen ba. A zamaninsa ne ƙananan gonaki suka yi ta narkewa cikin manya, don wanda ya fi fili shi ya fi samu, kuma a zamaninsa ne Carmarthenshire ta yi faɗuwar da na ambata. Gurɓacewar koguna da raguwar tsuntsaye ba ƙaryar gwamnati ba ce. Kuma a lokacin zanga-zangar an samu 'yan ta-more a Facebook da sauransu, waɗanda ba su taɓa riƙe ƙafar tunkiya ba kuma ba su iya gaisuwa da Welshanci ba, suna yaɗa cewa za a ƙwace gonaki da ƙarfi, wai sauyin yanayi ma ƙirƙira ce. Waɗannan ba su damu da harshe ba, fushin manomi suke haya. Duk manomin da ya biye musu ya ba mutanen ofis hujjar yin watsi da kokensa.

Tunda bincike ne aikinka, in kana son sanin ko shirin da aka gyara yana cutar da harshen, kada ka tsaya kan jimillar kuɗin da aka ware ko yawan bishiyoyin da aka dasa. Nemi yawan gonakin da har yanzu iyali ke kwana a cikinsu a gundumar da kake, da nawa ne magajinsu bai kai shekara 40 ba, da rajistar makarantun firamaren ƙauyukan Ceredigion shekara bayan shekara. Waɗannan alƙaluman za su nuna maka inda aka dosa tun kafin ƙidayar 2031 ta fito.