Tambaya da Amsa: Ɗan daudun finafinan barkwancin Faransa

Tambaya: Salamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne a nan Damagaram, unguwar Birni, muna kallon finafinan Faransa a Canal+ don faransancinmu ya goge, to na lura kusan duk fim ɗin soyayya na ban dariya sai an jefo wani namiji mai karairaya da maƙale murya, wai shi ne aminin yarinyar. Haka masu neman maza suke a can ko dai don dariya ne?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan uwa, don dariya ne, kuma tsohuwar dabara ce. Ɗaya daga cikin waɗanda suka yayata ta shi ne La Cage aux folles, wasan daɓe na Jean Poiret na 1973 wanda Édouard Molinaro ya mayar fim a 1978, inda Michel Serrault ya fito a Albin, mai sa kayan mata yana rawa a wani gidan casu na garin Saint-Tropez a kudancin Faransa, abu kaɗan sai ihu da kuka. Fim ɗin ya yi kasuwa sosai har Amurkawa suka sake yinsa a 1996 da Robin Williams, su kuwa furodusoshi da sun ga abin da ke kawo kuɗi shike nan, kowa ya ɗauki irin mutumin nan ya cusa a fim ɗinsa.

Kai ma ai ka san abin a gida, finafinan barkwancin Kano sun sha sa ɗan daudu da tafa hannu da "ni 'yasu", amma ba wanda zai kalla ya ce ya san Kanawa. A Faransa ma masu suka sun daɗe suna ƙorafin an mayar da mutane zanen barkwanci, mutum ba shi da labarin kansa sai dai ya zaɓa wa jaruma riga ya ba ta shawarar saurayi.

Wanda ni ya fi burge ni shi ne Le Placard na Francis Veber, 2001. Daniel Auteuil ne akanta a wani kamfani, za a kore shi, maƙwabcinsa ya ce a baza jita-jitar cewa mai neman maza ne don kamfanin ya ji tsoron a ce wariya ya yi. Mutumin bai canza tafiya ba bai canza murya ba, komai nasa yana nan, abokan aikin ne suka fara rantsuwa wai dama tun can sun ga alama.