Tsohuwar Mercedes ko Corolla ta zamani, wacce zan riƙe?

Tambaya: Salamu alaikum Malam. Mahaifina ya rasu ya bar min Mercedes 200 ƙirar 1983, har yau bugu ɗaya take tashi. Ina da Corolla 2015 kuma, amma abokai sun dame ni wai in sayar da ita in koma hawa tsohuwar, wai ita ce ƙarfe, na yanzu duk gwangwani ne. Meye shawararka?

Amsa: Wa alaikumus salam, Allah ya jiƙan Baba. Gaskiya mota ya bar maka, ƙirar Mercedes da ake kira W123 kenan, daga 1976 zuwa 1986 aka yi ta, an ƙera wajen miliyan 2.7 kuma har yau makanikai na sara mata. Kabureta ce, ba kwamfuta ba sensa, da sifana da sukundireba sai a tashe ta, ita kuwa Corolla in ta kunna wuta a dashbod sai an jona mata na'ura kafin a san ciwonta. Nan kam tsohuwa ta ci.

Amma zancen gwangwanin nan ne ba zan bari ya wuce ba, don mutane da yawa sun hau kai sun zauna. Da gangan ake yin gaban motar zamani ya lotse in an yi karo, bodin ya shanye bugun, wurin zaman mutane kuma ya tsaya ƙyam. A 2009 cibiyar IIHS ta Amurka, mai gwajin karon motoci, ta gwara Chevrolet Bel Air ta 1959 da Malibu ta 2009 gaba da gaba, wallahi Bel Air ɗin nan mai kama da tankar yaƙi ita ce ta ruguje har ciki, sitiyari ya taso wa mutum-mutumin da ke kujerar direba, na cikin Malibu kuwa wurinsa bai matse ba. To taka ba ta kai Bel Air tsufa ba, kuma Mercedes sun riga kowa fara dabarar lotsewar, sai dai yawancin W123 babu ABS (na'urar da ke hana taya cijewa in an taka birki) babu jakar iska, sai wanda ya biya aka sa masa. Ga shan mai.

Ni dai kar ka sayar da ko ɗaya in da hali. Corolla don zirga-zirgar kullum da ɗaukar iyali, ta Baba kuma ka riƙa ɗanawa jefi-jefi don kar ta zauna ta lalace. Kafin nan a ɗaga ta a duba ƙasanta, tsatsa ce babbar cutarta musamman wurin kafa jak, sannan a canza robobin birki da tayoyi ko da ka ga zanensu bai cinye ba.