Ruƙiyya ko asibiti ga mai jego?

Ka ce tun da ƙanwarka ta haihu ba ta barci, ba ta son ɗaukar jaririn, Umma ta ce aljanu ne, kana tambaya ko ka kai ta asibiti. Ka kai ta, ɗan'uwa, cikin makon nan. Ba sai an fasa ruƙiyyar ba. Likitoci sun san wannan larura, tana kama mata bayan haihuwa, kuma ana warkewa da magani. In ta fara zancen kashe kanta ko cutar da yaron, kada a kwana.

Amma ka iya bakinka gaban Umma. Da yayata ta shiga wannan hali, ambaton Dawanau kaɗai ya sa mahaifiyarmu kuka, don a Kano kowa ya ji sunan sai ya ce hauka. Sai muka ce mata ciwon damuwa ne, muka fara daga babban asibiti, ta raka ta da carbinta a hannu. Sharaɗi ɗaya na kafa a gidanmu: ba mai ɗaure ta ko ya doke ta da sunan fitar da aljani.